Itacen da Inna Ta Tara Mini

Tun ina yarinya an san ni da taurin kai. Inna kan ce da ana sayar da gardama a kasuwar Batsari, ni kaɗai na isa in cika rumfa. Ban taɓa musa mata ba, don in na musa ma na ƙara gaskata ta ne. Amma gardamar da na yi da ita a jegona na uku ita ce har yau take damuna. Kuma da za a maido ni wannan rana, abin da na yi shi zan sake yi.

A shekarun nan ne daji ya gagari kowa. Mun baro ƙauyen Yasore ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu bayan ɓarayin daji sun kore shanun gari, muka kama ɗaki ɗaya a cikin Batsari. Gonarmu na can, geron da muka shuka ma ba mu san wanda ya girbe shi ba. Inna kuwa tana Safana, a gidan da aka haife mu. Ungozoma ce, rabin yaran unguwarsu ita ta yanke musu cibi. An kuma san ta da hannun tausa. Mace za ta zo tana ɗingishi, Inna ta lakato man shanu ta bi jijiya da babban yatsa, sai ki ga matar ta koma gida tana sa mata albarka.

Yayata ita ce 'yar farin Inna, don haka ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, sai dai ta ce "waccan". Shekara biyu kafin abin da zan ba da labari, Yaya ta haihu lafiya lau a ɗakin Inna. A wajenmu itacen wankan jego a kan miji yake, tun ciki na ƙarami yake tarawa, don kwana arba'in za a yi ana tafasa ruwa safe da yamma. To a shekarar wa zai shiga daji? Mijin Yaya ya kawo abin da ya samu, 'yan ƙirare da kara. Kafin suna ya zagayo itace ya ƙare. Wanka ya koma sau ɗaya a rana, ruwan ma da ƙyar yake yin zafi.

Sai ƙafar Yaya ta hagu ta kumbura. Ina wurin, da idona na gani. Ta yi suntum tana sheƙi, in ka taɓa zafi rau. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta saboda ƙarancin wanka, ta duƙufa tana yi mata tausa safe da yamma. Ranar kwana goma sha biyu, da hantsi, an gama tausar ke nan, Yaya ta miƙe za ta ɗauki jaririnta. Sai ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ya tsaya mata a wuya. Kafin a samo mota ta cika.

Kowa ya yarda cewa rashin itace ne. Daga ranar Inna ba ta ƙara amsa gaisuwar mijin Yaya ba. Zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi ta ina wuni, ita ko tana tsintar wake kamar ba a yi halittarsa ba. A gaban mutane ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Cikina na wata bakwai na tashi wata safiya na ji sharaɓata ta hagu ta ɗaure kamar an zuba dalma. Kwana biyu ƙafar ta kumbura har cinya. Maigida ya duba ya ce kumburin masu ciki ne, ai na yi shi a cikin fari. Na ce masa wancan ƙafa biyu ne, wannan kuwa ɗaya ce, me ta dama ta bayar da aka bar ta? Na san ƙafar nan, na taɓa ganinta a jikin wata. Ban jira ya gama shawara ba na ɗauki hijabina.

Malamar awo a asibitin Batsari ta ɗauko awon tela ta auna sharaɓar dama, ta auna ta hagu, sai na ga fara'arta ta ɗauke. Ta rubuta takarda ta ce mu wuce Katsina a ranar, kada mu kwana. Hanyar a lokacin ba a shigarta sai da addu'a, direba na tuƙi yana leƙen gefen daji, fasinja kowa ya yi tsit. Muka dai isa.

A asibitin Katsina likita ya shafa mini wani mai mai sanyi, ya bi cinyata da na'urar hoto, ya daɗe yana kallon allo. Ya ce jini ne ya daskare a cikin babbar jijiya, ya yi guda ya toshe hanya, kamar yadda gudajin koko ke toshe mazurari. Ya ce ciki da jego su ne lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya je huhu.

"In ya je huhu fa?" na tambaye shi.

"Numfashi ne zai sarƙe. Wani lokaci ba a kaiwa asibiti."

Suka riƙe ni 'yan kwanaki. Kafin sallama ya lissafa mini dokoki. Allura kullum a ƙarƙashin fata, ba fashi, har in haihu, in kuma ci gaba sati shida bayan haihuwa. In riƙa tattaki, in sha ruwa da yawa, kada in kwanta wuni guda. Haihuwa a asibiti. Ba ƙaho, ba tsaga, don allurar na tsinka jini, in aka yanke ni zai yi wuyar tsayawa. Wanka da ruwa mai ɗumi, ban da gasa jiki a gadon wuta, ban da kanwa. Na ce to tausa fa?

"Ko da wasa, baiwar Allah. Kada ki bari kowa ya murza ƙafar nan. Murzar na iya ɓallo shi."

Na ba shi labarin Yaya tun daga fari, ban dai ce masa wadda ta yi tausar uwarmu ce ba. Ya ce bai gan ta ba, ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, Allah ne masani. Amma abin da na faɗa ya yi kama da wannan ciwo.

A mota muna dawowa babban yatsan Inna kawai nake gani yana bin sharaɓar Yaya. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa. Kafin mu shigo Batsari na ɗaukar wa kaina alkawari biyu. Inna ba za ta taɓa jin wannan magana daga bakina ba, kuma hannunta ba zai taɓa ƙafata ba. Ban tsaya na yi tunanin ko alkawuran biyu za su zauna inuwa ɗaya ba.

Na koyi yi wa kaina allura. Ranar farko na fi rabin awa ina riƙe da ita ina bismilla, ni da nake cika baki. Daga baya ta zama kamar tsinke a hannuna. Fatar ta yi tabo baƙi baƙi. Akuyoyina biyu da suka tsira daga Yasore a allurar suka tafi. An katse layin waya a lokacin, in ta kusa ƙarewa sai maigida ya shiga wannan hanya da kansa ya je Katsina ya sayo, ni kuma in ɓoye kwalin bayan randa inda ya fi sanyi. Matan gidan da muke haya suka sa ni a faifai. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mai ciki na soke kanta ba, wata ta ce sai na haifi ɗa da tabo. Na ce musu in ya fito da tabo na ga abin gane shi cikin taro.

Da watan haihuwa ya kama muka tare gidan wata 'yar'uwar maigida a Katsina. Naƙuda na farawa na dakatar da allurar kamar yadda aka ce mini, na haifi 'ya mace lafiya, aka maido ni kan allura. Inna ta aiko cewa ɗaki ɗaya da miji da yara ba wurin jego ba ne, in taho Safana. Gaskiya ta faɗa, kuma ba a ce wa uwa a'a a irin wannan. Na tafi da jaririyata da kwalina.

Ina shiga gida na ga itacen. An jera shi bayan ɗakin Inna, ya fi ni tsawo, marke da kirya da geza, duk an faskara an ɗaure dami dami. A shekarar da mutane ke dafa tuwo da kara da kashin shanu. Na tsaya ina kallo, na ce wa ya kawo wannan? Inna ta ce in shiga ciki iska na bugun yarinya.

Washegari da sassafe na ji garwa na tafasa. Inna ta yanko ganyen bedi, ta hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, kunun kanwa na kan murhu. Na fito na ce a sirka mini ruwan.

"A sirka mi?" in ji Inna.

"Ruwan, Inna. Likita ya ce mai ɗumi."

"Ruwan jego za a sirka? Ke ɗiyar nan, likitan naki ya taɓa haihuwa?"

"Bai taɓa ba. Amma ya ga cikin ƙafata, ke ba ki gani ba."

Da hannuna na ɗebo ruwan randa na sirka. Na ƙi hawa gadon wuta, na shimfiɗa tabarma. Kunun kanwa na ce a dama mini na tsamiya. Da rana na sha ruwan randa moɗa guda a gabanta, na goya 'yata na shiga zagaya tsakar gida ina jan ƙafa, daga rijiya zuwa turken awaki in dawo. Inna na zaune bakin murhu tana bina da ido. Mai jego da ya kamata a ce tana kwance tana zufa, ga ta tana sintiri kamar mai gadin kasuwa. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce mata wannan karon ba rimi na hau ba, mota na hau na je Katsina. Ta ɗauke kai, ba ta ƙara yi mini magana ba sai yamma.

Ranar suna aka sa wa yarinyar sunan Yaya, ni na roƙi maigida. Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo tun safe da bakinta. Wanzami ya gama yi wa jaririya aski, sai Goggo ta yaye zanena a gaban mata ta nuna masa ƙafar.

"Malam wanzami, dubi nan. Mataccen jini ne. Kafa mata ƙaho biyu a zuƙe shi kowa ya huta."

Har ya buɗe zabirarsa. Na janye ƙafata na miƙe tsaye, na ce wallahi duk wanda ya kawo aska kusa da ni sai mun kwashi 'yan kallo, ko shi ko ni. Wanzamin mutumin kirki ne, ya rufe zabira ya ce shi ba ya aikin dole. Mata suka hau salati. Goggo ta ja ni bayan ɗaki, daidai inda itacen yake, ta nuna shi da hannu.

"Kin san wanda ya tara wanga? Uwarki ce. Tun ranar da ta ji kina da ciki take tahiya bakin daji da gatari, inda maza suka ƙi zuwa. Rana guda baburan ɓarayin daji suka biyo, a kwazazzabo ta kwanta har azahar, ta dawo da ƙaya a gwiwa. Ta ce ba za a sake yi mata rashi don itace ba. Ke kuma kin zo kina sirka ruwa. Ba ki da kunya."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Na ji tausayin Inna har cikin ƙashina, na kuma ji haushinta, tsohuwa da ita ta kai kanta bakin bindiga saboda abin da ba zai cece ni ba. Da la'asar ta yi na share hawaye na ɗauko allurata na yi. Washegari ma na sirka ruwa.

Na lura tun daga suna Inna take ƙirga kwanaki. Kullum sai ta saci kallon ƙafar, wadda ta fara saɓewa amma ba ta koma daidai ba. Barci ma ba ta yi sosai. Ranar kwana goma sha biyu ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta ɗora garwa ta sauke, ta sake ɗorawa. Bayan azahar na shayar da yarinya, barci ya ɗauke ni a kan tabarma.

Sanyin man shanu ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga Inna durƙushe a ƙafafuna, ta tallabi diddigena da hannu ɗaya, babban yatsan ɗaya hannun ya sauka a kan sharaɓata. Ban san lokacin da na ƙwalla ƙara ba. Na bige hannun da ƙarfi har kwanon man ya kife, na ja da baya na manne da bango. Jaririya ta farka ta tsala kuka.

Inna ta dubi hannunta, ta dube ni.

"Ni kika buge? Hannun da ya karɓe ki ranar da kika zo duniya?"

"Ki yafe mini, Inna. Amma kada ki taɓa."

"Waccan ta tahi don babu itace. Ke ga itace, kin ƙi. Ga hannuna, kin ƙi. So kike in zauna in naɗe hannu in kalle ki kina bin ta? Yau kwana sha biyu!"

"Na sani."

"To mi hannuna ya yi maki?"

Da na iya ƙarya da na ce zafi ƙafar ke yi, amma Inna ta shekara talatin tana karanta fuskokin mata, ba ni zan ɓoye mata ba. Ta gyara zama ta ce in faɗa mata abin da likita ya ce game da tausa, kalma da kalma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na yi shiru, gobe ina barci za ta sake, don a ganinta cetona take yi. Na zaɓi raina. Na faɗa mata zancen gudan jini, da yadda murza ke ɓallo shi, da inda yake zuwa, da yadda numfashi ke sarƙewa. A kan ƙafata kaɗai na yi magana, ban ambaci kowa ba.

Man shanu na bin tabarma, ba wanda ya kula.

"Da hantsi ne," ta ce a hankali. "Na gama murza mata ke nan. Har ta ce mani ta ji daɗi."

"Inna, likita ya ce bai gan ta ba. Ya ce Allah ne masani. Kwananta ne ya ƙare."

Ba ta ji ni ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, tafin a sama, tana kallonsu. Sai ta kira sunan Yaya. Sunan yanka, cikakke, wanda tunda aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Ta sake kira. Sannan kukan da ta riƙe shekara biyu ya ƙwace mata. Na matso na rungume ta, ita kuwa ta ɗaga hannuwan sama don kada su taɓa ni.

Na karya alkawari ɗaya don in cika ɗayan. Na san abin da na ƙwace mata, don zancen itacen nan shi ta dogara da shi take tashi kullum. Ban yi nadama ba, amma ba zan ce bai yi mini ciwo ba, har yau yana yi.

Kwana biyu ba ta fita ba, abinci ma sai na matsa. A rana ta uku da safe na ji motsi bayan ɗaki. Na leƙa na ga ta yi gammo, tana kiciniyar ɗora dami mafi girma a ka. Na ce ina zuwa da wannan kaya?

"Gidan mijin yayarki," ta ce. "Shekara biyu yana durƙusa mani ban amsa ba."

Na kama mata muka ɗora. Ta kai bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba saboda nauyin kayan.

"Ruwanki na nan na sirka. In kin yi wanka ki tashi ki zagaya, kin cika zama. Kuma in Goggonki ta zo ki ce ta jira ni, kada ta kusanci ƙafar nan."

Allura ta ƙarshe na yi ta kwana biyu bayan arba'in. Inna ce ta riƙe mini yarinyar, tana kallo har na zare. Ragowar itacen ta rabar wa masu jegon unguwa su dafa abinci. Ta ci gaba da karɓar haihuwa har ƙarfinta ya ƙare, amma kwanon man shanun nan ban sake ganinsa a ɗakinta ba. In mace ta zo mata da ƙafa ɗaya a kumbure, sai ta ɓoye hannuwanta cikin zane ta ce a nemo mota.